Akwatin Kiran Shanun Arɗo

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe min sauran tunani, da ranar da na tara mutanen ruga guda su kalli fasahata. Ni mai gyaran rediyo da waya ne a kasuwar Birnin Gwari, amma "Injiniya" na rubuta a allon shagona (ni na naɗa kaina, babu wanda ya ɗaura min rawani).

Wata rana Arɗo, dattijon wata ruga a wajen Kutemeshi, ya kawo gyaran rediyo. Muna hira ya ce shanunsa kiransa kaɗai suke amsawa, ga shi murya ta daina kai nesa, kuma ba ya son 'ya'yansa su riƙa kutsawa daji nemansu yadda dajin nan ya zama. Kafin ya rufe baki na ce zan haɗa masa akwati mai muryarsa, ya danna kawai shanu su zo.

"Injiniya, za ka iya kuwa?"

"Ranka ya daɗe, na yi wanda ya fi wannan." (Ban taɓa yi ba.)

Na naɗi kiransa, na haɗa batir da lasifika da wata 'yar na'ura da muke kira aisi, wadda ba ta fi ƙwayar wake ba. Aikin aisin shi ne juya lambobin da aka adana su zama wutar da lasifika za ta mayar murya. Sai dai yana buƙatar wata wuta tsayayya da zai riƙa awo da ita, kamar mudu a hannun mai hatsi. Takardar bayanin aisin ta faɗa ɓaro-ɓaro: kada wutar awon nan ta yi ƙasa da bolt ɗaya. Akwai ɗan abin da ake sawa ya riƙe ta kyam, amma sai an je Kaduna. Na ce wa zai hau hanyar Kaduna saboda abu kamar ƙwayar gero? Na jawo wutar daga batir, na rage ta har ta tsaya daidai kan iyaka. Na danna, muryar Arɗo ta fito tas. Har rawa na taka a shago.

Abin da ban lissafa ba shi ne bakina. Ranar kai akwatin na kunna wa mai shayi, na kunna wa tela maƙwabcina, na kunna wa 'yan acaɓa sau uku saboda sun tafa min. Batir yana ta sauka, wutar awo tana bin sa ƙasa, ni kuwa ina ta washe baki.

A ruga an shimfiɗa tabarmi, an dama fura, har daga maƙwabtan rugage an zo. Shanu na can bakin daji suna kiwo. Na miƙe na yi jawabi a kan ci gaban zamani, wanda babu wanda ya roƙe ni. Sannan na ce bismillah, na danna.

Abin da ya fito ba muryar ɗan Adam ba ce. Wani gurnani ne mai karkarwa, kamar an shaƙe bunsuru. Na ƙure ƙara don in gyara, abin ya ƙara muni. Ko saniya ɗaya ba ta ɗaga kai ba. Sai wani jaki daga bayan bukkoki ya amsa da kuka, ya taho a guje, na biyu na bin sa, suka tsaya a gabana suna kaɗa kunne.

Inna, uwargidan Arɗo, ta ajiye ludayi ta ce, "Arɗo, ashe haka muryarka take? Lallai na yi haƙuri a gidan nan!"

Wuri ya kece da dariya. Arɗo ya yi ta yi har malafarsa ta faɗi. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da Arɗo ya samu numfashi ya tambaye ni me ya faru, na faɗa masa gaskiya. Ya share hawaye ya ce, "Ɗana, saniyar da ka rage wa kiwo, kada ka je mata da babbar ƙwarya. Sha furarka."

Na sha, kofi biyu ma, don kunya ba ta hana ni ci. Mako na zagayowa na je Kaduna na sayo ɗan abin nan, na koma ruga ba tare da gayyar kowa ba. Muka danna, shanu suka ɗago kai, suka taho a jere. Daɗin da na ji ranar ba ya faɗuwa, Arɗo har rungume ni ya yi. Amma mutum huɗu kacal suka ga wannan, waccan kuwa duk kasuwa ta ji, shi ya sa har yau Injiniyan Jakai ake kirana.

Tun daga nan, in takarda ta ce ga iyaka, nesa da ita nake tsayawa. Kuma ba na yin jawabi sai bayan na danna.