Sarkin Babu na Dajin Gangare

A Dajin Gangare, zamanin Sarki Ɓauna, mulki a kan rumbu ɗaya ya tsaya. Duk kaka kowace dabba takan kai daminta a zuba a rumbun fada, da sunan ajiya domin ranar yunwa. In bazara ta yi, tukwane suka bushe, sai talakawa su taru a gindin tsamiya kowace Laraba su roƙi abin da suka ajiye. Sarki ba ya cewa a'a da kansa, don a'a ba ta dace da bakin manya ba. Akwai mai sarautar faɗinta, ana kiransa Sarkin Babu, kuma shekara goma sha ɗaya Zabo ne ke riƙe da ita.

Sarautar tana da ƙa'ida ɗaya. Mai riƙe da ita ba ya leƙa cikin rumbun, don kada ido ya ga abin da zai sa harshe rawa. Zabo bai taɓa leƙawa ba. In ya hau kututture ya miƙa wuya, sai ka ji: "Jama'ar Gangare, babu! Ko tsaba babu, ko dusa babu, ko ƙaiƙayin da zai shiga idon tururuwa babu. Rumbu wayam, ƙarƙaf, kamar an bi shi da tsintsiya!" Talakawa su jinjina kai su watse, a hanya suna cewa, "Ƙarya yake, amma ya iya ta. Rumbu cike yake maƙil, ranar da yunwa ta kai yunwa Sarki zai buɗe." Da wannan zaton suke haƙuri shekara da shekaru. Shi ma Zabo haka ya ɗauka.

Ana nan sai ga Aku ya dawo gida. Shekara shida ya yi a keji a gidan wani attajiri a birni, dab da akwatin talabijin, ya dawo da Turanci, ya ce a riƙa kiransa Mista Aku. Gafiya, Ma'ajin rumbu, shi ya kai shi gaban majalisa.

"Allah ya ja zamanin Sarki," in ji Gafiya, "duniya ta ci gaba. Manyan dazuzzuka yanzu da Turanci suke hana talakawansu. Babun Zabo ta tsufa, har yara sun haddace ta."

Ba a kai la'asar ba aka naɗa Aku Sarkin Babu. Ranar Laraba ya hau kututture, ya gyara jan wutsiyarsa, ya ce, "Notin! Notin atol! Ziro!" Iyakarta ke nan. Barewa ta tambayi ma'ana, Gafiya ya ce ai babu ce, amma ta ƙasar waje. Nan take wuri ya kaure da tafi. Dabbobin da suka kwana uku ba su sa komai a baki ba suka koma gida suna alfahari, yau an hana su irin na wayayyu.

Wannan tafin shi ya tsaya wa Zabo a wuya. Shekara goma sha ɗaya yana kwana yana tashi yana saƙa babu iri-iri, ba wanda ya taɓa haɗa masa hannu biyu. Kishi ya hana shi ci, ko da yake ba wani abin cin ba ne a gidan.

"Maigida, ka bar shi mana," in ji matarsa Zabuwa. "Babunka da tasa, wace ce ta taɓa shiga tukunya?"

"Ke ba ki san sana'a ba. Kalma uku fa! Abin da ya tsinta a ƙarƙashin tebur ɗin mutane. Wallahi sai na kunyata shi."

Sai ya tuna yanzu ƙa'idar rashin leƙawa ba ta hau kansa ba. In hatsi ya bayyana a idon jama'a, wa za a kira maƙaryaci? Wanda ke kan kututture.

Larabar da ta biyo, Aku na rufe baki Zabo ya fito tsakiyar fili ya faɗi gaban Sarki ya yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Jama'a, ni da ku mun san juna. Na hana ku da harshen iyayenku, kun fahimta, kun yi haƙuri. Amma wannan baƙo yana yi muku ƙarya da yaren da ba za ku iya kama shi a ciki ba. Ya ce ziro. To, yau za ku ga zironsa da idonku!"

Kafin dogarai su yi motsi ya tashi fir ya dira kan rumbu, ya tone jinkar da ƙafa. Gara ta riga ta gama da ita, sai ta zame ta faɗo. Ya kira Raƙumin Dawa ya zama shaida. Shi kuwa ya zura dogon wuyansa ciki, ya daɗe, sannan ya ɗago yana atishawa.

"'Yan'uwa, har ƙasa na kai," ya ce. "Ban da rami uku a gindi, ba abin da na gani."

Kowa ya dubi Gafiya, sannan ya dubi tumbin Sarki. Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya ɗauki dutse. Tsohon Kunkuru ne kawai ya ce, "Ashe gaskiya suke gaya mana." Da rowa ce, da sun ci gaba da jira. Amma ba mai zaman jiran rumbun da ba komai a cikinsa.

Aku ya ce ya san hanyar birni, inda bola kaɗai ta fi rumbun fada. Cikin kwana biyu dajin ya kwashe ya bi shi, ana yi masa kirari, Mista Aku wanda aka gwada maganarsa aka same ta daidai. Zabo na tsaye yana ji.

Sarki ya tara abin da ya saura na majalisa, wato Gafiya, aka yi shawara, aka mayar wa Zabo sarautarsa.

Ranar Laraba ya hau kututture ya zuba babun da bai taɓa yin irinta ba. Sarki na gyangyaɗi, Gafiya na sakace. Da ya sauko ya tarar da Zabuwa ta ɗaure kayanta.

"Maigida, tashi mu bi jama'a. Hankaka ya ce sun sami abinci, har sun naɗa Aku shugaba."

Zabo ya dubi filin, ya dubi hanyar.

"Shugaba?" ya ce. "Je ki. Ni ba zan ci tuwo a ƙarƙashin mai kalma uku ba."

Ta ɗauki kayanta ta tafi, shi kuma ya zauna shirya babun Laraba mai zuwa.