Gaisuwar da Na Kai wa Sarkin Turawa

Ƙungiyarmu ta manoman albasa ce ta tura mu taro a Turai, ni daga Kibiya, Alhaji Sule daga Rano. An yi taron a wata tsohuwar fada a kan tsauni, wadda yanzu hayarta ake bayarwa don biki da taro. Ni ban san haka ba. Ina jin an ce fada, na gyara hula.

"Alhaji, biyo bayana," na ce. "Sha'anin fada na san shi."

Tun daga ƙofa na tuɓe takalmi, sanyin daɓe yana ratsa ni har ka. A zaure na biyu na hango dattijo a kan kujera da jar alkyabba, dogarai biyu cikin sulke a gefensa. Na zube na ce, "Ranka ya daɗe."

Shiru. Ban damu ba, ai sarki ba ya amsawa da bakinsa. Na jira dogarai, su ma shiru. Na maimaita da Turanci. Turawa suka taru suna ɗaukar hotona, na ɗauka ladabina ne ya burge su. Sai wata ma'aikaciya ta zo da tsumma ta goge wa sarki hanci.

Na waiwaya a ruɗe. Alhaji Sule yana jingine da bango, dariya ta hana shi numfashi. Da ƙyar ya ce, "Malam, mutum-mutumi ne."

Har yau in na yi sallama a kasuwar Kibiya, sai wani ya amsa daga cikin rumfa, "Sarki ya gaishe ka."