Tabarau Mai Kauri a Rumfar Albasa

Har in koma ga Mahaliccina ba zan taɓa mantawa da zuwana kasuwar Aliero da jakar tabarau ba. Lokacin muna cikin jihar Sakkwato, ni kuma ina dillancin wani ƙaramin kamfani na Kaduna da ke yanka gilashin ido. An ba ni Jega, Aliero da Maiyama. Ciniki ya ƙi. Mutanenmu sun ɗauka tabarau kayan 'yan boko ne, kuma dattijo ya gwammace ya miƙa hannu da abin da yake dubawa can nesa yana ƙanƙance ido da a ce ganinsa ya ragu.

Manajanmu, Mista Bulus, ya zo Jega da kansa ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye: in kaka ta wuce ba canji, za su janye kayansu. Ni kuma ba ni da wata sana'a. Sai ya kawo sabuwar dabarar kamfani: a daina bin malaman makaranta, a kama babban mutum guda a kowace kasuwa, sauran za su biyo shi. Sannan dole dillali ya riƙa saka kayan da yake sayarwa.

Idona garau yake. Akwai masu farin gilashi da aka tanada domin irina, amma na ga ba su da kwarjini. Na zaɓi mafi kauri a jakar, irin na tsofaffi tukuf (a madubi na yi kama da alƙali, iyakar abin da na iya gani ke nan). Tun daga tasha duniya ta koma kamar kunu. Na daure.

Babban mutumin Aliero shi ne Alhaji Ummaru, dilan albasa. Aka nuna mini rumfarsa. Na hango shi zaune da farar babbar riga da jar hula, mutum mai jiki, ba ya ko motsi. Na cire takalmi, na durƙusa, na sunkuyar da kai.

"Ranka shi daɗe, an wuni lahiya? Ina gajiya? Yaya iyali?"

Shiru. Na ce a raina manya ke nan, ba su saurin amsawa. Sai na zarce da bayani: gilashinmu ba ya dushewa, mai shi zai ga tururuwa daga nesa, ni kaina shaida ne. Rumfar ta yi tsit, ni kuwa har daɗi nake ji wai magana ta shiga.

Sai na ji murya a bayana: "Wanga yaro, mi kaka yi nan?"

Na ɗaga tabarau. Buhunan albasa ne a jere. Alhaji ya tuɓe riga da hula ya ɗora musu ya tafi alwala, ga shi tsaye da buta, ruwa na ɗiga a gemunsa. Dariya ta fashe, har mahauta suka baro nama suka zo kallo. Wallahi na so in narke.

"Shi na gilashin da ka kawo muna?" in ji Alhaji. "Miƙo in gani abin da ya sa ka gaida albasata."

Ya saka domin ya ƙara ba mutane dariya. Sai ya duba tafin hannunsa, ya ɗauki carbi ya juya, ya ce rabonsa da ganin zaren cikin carbin har ya manta. Bai cire ba. Kafin la'asar dattawa sun yi layi.

Kamfani bai janye ba. Mista Bulus ma ya riƙa ba sauran dillalai labarin yadda dabararsa ta ci Aliero, ni kuma ban gyara masa ba. Na dai koyi cewa abin da aka yanka wa idon wani ba na sakawa ne don ado ba. Yanzu da tsufa ya zo ina saka irin wancan mai kaurin da gaske, amma har yau in na shiga kasuwar sai wani ya nuna buhu ya ce, "Malam, ba ka gaida Alhaji ba."