Babban Abinci Yana Tafe

Ni da na ci abinci a ƙasashe da dama, ni na ja abokaina biyu da suka zo hutun kwana uku London zuwa gidan abincin Sifaniyawa a Aldwych. Aka jera mana ƙananan faranti na dankali, kifi da zaitun.

"Kada ku cika ciki," na ce. "Haka ake yi a Istanbul, babban abinci yana tafe."

Suka ajiye cokula. Muka yi ta zaman jira da yunwa har ma'aikaciyar ta kwashe farantan, ta tambaya ko za mu sha shayi. Ashe abincin ke nan, tapas, wato ƙananan farantan nan su ne duka abincin. Na kasa ɗaga kai.

Har yau in Alhaji Sani, ɗayansu, ya kira daga Kano, kafin gaisuwa sai ya ce, "Malam, an kawo kuwa?"