Rasuwar Uwar Sanyi ta Ɗakin Rigakafin Shanu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ban san wa zan ɗora wa ba, ni Zailani, mai kula da ɗakin ajiye allurar rigakafin shanu a Tudun Wada, nake sanar da rasuwar na'urarmu mai daidaita sanyin firij, wadda muke kira Uwar Sanyi. Ta cika ranar Laraba gab da la'asar, tana da shekara uku a hannuna.

Marigayiya mai biyayya ce. Maigidana Malam Abdulganiyu yana zaune a Kano, ya taɓa kwamfutarsa, ita kuma a nan ta ce "ƙit", ta yi abin da ya ce. Kullum lambarta huɗu take nunawa. In ta ga ba daidai ba sai ta ce "tiii, tiii", a hankali, kamar mai jin kunyar tayar da baƙo. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma na iya karanta fuskarta. Abu ɗaya Malam ya ja mini kunne a kai: allurar da ta daskare ta mutu, ko da idonka na ganin ta lafiya.

Ciwon ajalinta gajere ne. Gwaggona Tasalla ta sauko daga ruga da ƙwaryar nono, rana ta dake ta, ta ce in ajiye mata a firij kafin ta gama gaishe-gaishe. Jama'a, yaya mutum zai ce wa ƙanwar ubansa a'a? Na matsar da kwalabe na saka. Lamba ta tashi daga huɗu ta koma sha ɗaya.

Malam ya gani daga Kano, ya shiga ƙara sanyi. Ni kuma ban san shi ba ne, wayata tana wurin mai caji. Kawai sai na ga lamba tana gangarowa, uku, biyu, ɗaya, ba wanda ya taɓa ta. Na tuna maganar daskarewa, na danna maɓalli na mayar da ita sama. Ya sauke. Na ɗaga. Tun azahar muke jan baiwar Allah, shi daga can, ni daga nan, kowa yana ganin ceto yake yi. Kiransa goma sha bakwai na tarar a wayata daga baya. Daga ƙarshe ta ce "tiiiii" mai tsawo, warin ƙonanniyar waya ya cika ɗaki, fuskarta ta yi baƙi.

Ta rasu ta bar firij da ya zama kabad, da kwamfuta a Kano mai jiran amsa, da allurar shanu ɗari shida a cikin kula biyu, ina canza musu ƙanƙara kamar mai jinya. Makiyayan Burumburum ranar Asabar za su koro shanunsu. In allurar ta lalace kafin nan, ban san da bakin da zan yi wa Ardo bayani ba. Gwaggo kuwa ta karɓi ƙwaryarta, har ta yi mitar nonon bai yi sanyi ba.

Har yanzu Malam yana zaton wuta ce ta yi ƙarfi. Ban iya faɗa masa a waya ba, shi ya sa na rubuta. Malam, a yi haƙuri, ni ne.

Ana karɓar gaisuwa a ƙofar ɗakin, daga hantsi zuwa magariba. Mai zuwa ya taho da ƙanƙara, ko ta leda ɗaya ce. Mai babur da ya san hanyar Doguwa, akwai firij a can da aka ce za a ara mana gefe, ya taimaka ya kai mana allurar yau, kada sai gobe. Za a kwance marigayiya daga bango ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in Malam ya iso, a sa ta a kwalinta a kai ta Kano. Tawa jana'izar kuma, sai abin da Malam ya ce.

Zailani, Tudun Wada