Ladi Uwar Garke Ta Huta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma da miƙa wuya ga nufin Mai Duka, gidan Malam Gershon Kumai da ke bayan tashar jirgin ƙasa a Kafanchan na sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Ladi, uwar garken da ta riƙe waƙoƙin tsofaffinmu shekara goma sha ɗaya. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburinta na ɗakin ajiyar majami'a, Malam Gershon yana zaune a gabanta da kofin shayi a hannu.

Ga wanda bai san ta ba, Ladi kwamfuta ce, irin ta ajiyar bayanai da ake ce wa uwar garke, baƙa, gajera, mai nauyi kamar rabin buhun citta. Ranar Lahadi ta iso garin nan, shi ya sa aka raɗa mata sunan. Marigayiya Malama Edna, matar Malam Gershon, wadda ta koyar da kwamfuta shekara da shekaru, ita ta ɗauko ta daga Jos a kan cinyarta, ta ƙi yarda direba ya sa ta cikin kaya.

Marigayiya Ladi mai haƙuri ce. A ɗauke wuta sau tara a yini, a kawo, ta tashi ta ce "tit" sau ɗaya ta koma bakin aiki. Tsaka ta haihu a bayanta, ba ta kai ƙara ba. Abin da ta riƙe kuwa ba ƙarami ba ne. Malama Edna ta yi shekara biyar tana yawo da rikoda, Zangon Kataf, Fadan Kagoma, Gwantu, tana zaunar da tsofaffin Zumuntar Mata suna rera waƙoƙin yabo da harsunan Tyap da Jju da Gwong, waɗanda babu su a kowane littafi. Waƙa ɗari shida da arba'in ta tara. Yawancin masu rerawar sun riga mu. Kowace waƙa da muryar Edna take farawa, tana faɗin rana da sunan ƙauye, don haka duk safiya Malam Gershon sai ya saurari guda ɗaya kafin ya kurɓi shayi.

Mutane sun yi ta tambaya me ya kashe ta. Gidan ya ga ya dace a faɗi gaskiya, tunda shi kansa mai makokin ne ya roƙi haka.

A cikin Ladi kowace manhaja ɗakinta daban, masana suna ce wa ɗakunan kwantena. Idan manhaja tana son wani abu, sai ta yi kira ga zuciyar na'urar. A bakin ƙofa kuma akwai mai gadi da jerin kiran da aka yarda su wuce, wanda ba ya cikin jerin a mayar da shi. Edna ce ta rubuta wannan jeri da hannunta. Ranar da za ta tafi Jos ganin likita, tafiyar kwana uku, ta ƙara layi ɗaya a samansa: "Kada kowa ya taɓa sai na dawo." A akwatin gawa aka dawo da ita.

Bayan shekara biyu, faifan da ake kwafe waƙoƙin a cikinsa don ko-ta-kwana ya lalace. Injiniya Celestine, ɗan yayar Edna, ya zo daga Kaduna da sabon faifai da sabuwar manhajar kwafi. Ashe manhajojin yanzu sun koyi wani sabon kira, wanda babu shi lokacin da Edna ta yi jerinta. Celestine ya yi bayani cewa layi ɗaya kawai za a ƙara, aikin minti biyu. Malam Gershon ya dubi rubutun matarsa, ya ce a bar shi ya yi tunani. Kalmar sirri tana hannunsa, bai kuwa bayar ba. Celestine ya buga waya ya gaji, ya aiko Fasto, ya aiko dattawan ikilisiya, duk a banza. Malam Gershon mutum ne mai sauƙin kai, ko akuya ta ci masa dawa ba ya faɗa, amma a kan wannan layi ya kafe. Koriyar fitila tana ci a jikin sabon faifan, shi kuma ya ɗauka alamar aiki ce.

A nan ne abin ya fi ciwo. Amsa biyu mai gadi yake iya ba baƙon kira. Da ya ce "ban san shi ba", manhajar za ta koma ta bi tsohuwar hanya, kwafi ya tafi lafiya lau. Amma amsar da aka koya masa ita ce "ba a yarda ba", manhaja kuwa in ta ji haka sai ta naɗe hannu ta zauna. Duk safiya ƙarfe bakwai ta yi kira, duk safiya amsar ta fito a allo da Turanci, Malam Gershon ya fassara wa kansa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jin wannan magana a gida, in ya miƙa hannu ga gishiri, in ya ce zai hau mashin cikin ruwan sama. Ba a yarda ba. Shi dai bai ga alamar ciwo ba, muryar matarsa ya ji. Yakan gyaɗa kai ya yi murmushi, wani lokaci ya juya ya dubi ƙofa. Mai sharar majami'a, Mama Hulda, ta shaida cewa ta sha iske shi yana gaishe da allon.

Haka aka yi shekara huɗu ba a kwafi ko waƙa ɗaya ba.

Ciwon ajali ya fara a damina. Da farko numfashinta ne ya yi nauyi, fankarta tana "huuu" ba hutawa. Daga baya cikinta ya soma "ƙat, ƙat, ƙat", kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa daga ciki. Mama Hulda ta daina shiga ɗakin ita kaɗai. Ranar Talatar Malam Gershon ya danna wata waƙar Gwantu, Edna ta fara faɗin rana, ta kai tsakiyar kalma ta tsaya. Ladi ta yi "ƙat" sau uku ta yi shiru. Ya jira, shayin ya huce, ba ta ƙara cewa komai ba.

An garzaya da ita Kaduna. Celestine ya yi kwana tara a kanta, Allah ya saka masa, bai ce "ai na faɗa" ko sau ɗaya ba. Abin da ya iya cetowa daƙiƙa bakwai ne, daga ranar farko da Edna ta gwada rikoda: "Gwaji, gwaji. Ɗaya, biyu. Ana ji na?"

Ta rasu ta bar batirin da ya raka ta tun ƙuruciya, yanzu ko minti ɗaya ba ya riƙewa. Ta bar madannai da harafin E ya goge a jikinsu, da tsaka da jikokinta. Ta bar ɗan autanta, sabon faifai, lafiyayye garau, babu komai a cikinsa, fitilarsa har yau tana ci. Ta kuma bar Malam Gershon, wanda ya ce a rubuta ƙarara cewa shi ne ya jawo, kuma ya yi zaman makoki sau biyu a kan mace ɗaya.

An kawo wata na'urar. Ranar Litinin da ta wuce Celestine ya zaunar da kawunsa a gabanta, ya kwafo tsohon jerin, har da gargaɗin da ke samansa, daga takardar da Edna ta buga ranar tafiyarta. Malam Gershon da yatsa ɗaya ya ƙara sabon kiran, ya canja amsar mai gadi ta koma "ban san shi ba", sannan ya goge layin sama harafi bayan harafi. Aikin minti biyu ya ci masa awa guda.

Ga tsarin jana'iza. Ranar Juma'a ƙarfe uku na yamma za a yi hidimar waƙoƙi a harabar majami'a. Ana roƙon duk tsohuwar da ta taɓa zama gaban rikodar Edna, da duk wanda ya tuna ko baiti ɗaya daga bakin kakarsa, ya zo ya rera, sabuwar na'ura za ta ɗauka. Za a aika mota Zangon Kataf da Fadan Kagoma da Gwantu. Ba anko, ba a karɓar fure.

Ranar Asabar ƙarfe goma na safe za a binne faifan da aka ciro daga cikin marigayiya a gona, gefen kabarin uwargijiyarta. Kafin a mayar da ƙasa za a kunna daƙiƙa bakwai ɗin sau ɗaya. Idan muryar ta yi tambayarta, ana roƙon jama'a su yi shiru, Malam Gershon ne zai amsa.