Tulun Girkawa a Bencin Asibiti

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka yi wa Baba Isa aikin zuciya, don a ranar na kai ilimina inda ba wanda ya neme shi.

Ni direba ne a wani gida a unguwar Abhur da ke Jidda, kuma rabin aikin direba jira ne. Don kada barci ya riƙa kwashe ni a mota, sai na saba da sauraren shirye-shiryen tarihi a waya. Kafin wata uku na fara jin kaina shehin malami (ni da ko sakandare ban ƙarasa ba).

Baba Isa tsohon ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, shi ya riƙe ni lokacin da na zo Jidda ban san kowa ba. Da hantsi aka shiga da shi. Matarsa Hajiya Safiya, haifaffiyar Jidda, tana kan benci da 'ya'yanta mata biyu, tana jan carbi. Tausayi ya kama ni, na ce bari in kwantar mata da hankali.

"Hajiya, mutanen Girka na da can suna da wata tatsuniya. An ba wata mata tulu a rufe, ta buɗe, cuta da wahala suka fito suka cika duniya. Ta yi maza ta mayar da murfi. Abu ɗaya ya rage a ciki, shi ne sa rai."

Da nan na tsaya, da na tafi da mutuncina. Sai ta ɗago ta ce, "Ya waladi, ɗana, to me ya kai sa rai cikin tulun masifu?"

Na san amsar! Daɗi ya ɗebe ni, har da gyara zama. "Ai wasu masanansu cewa suka yi shi ma masifa ne, don yana sa mutum ya yi ta jiran abin da ba zai zo ba."

Carbin ya tsaya cak. Babbar 'yar ta dube ni ta ce, "Halas, ya isa."

Na sulale ƙarshen baranda kusa da na'urar ruwan sha, kunya kamar in nutse. Tsoro ya fi kunyar, domin in Baba bai fito ba, maganata ce za ta zauna a kunnen matarsa har abada. Awa biyu ina addu'a ba ƙaƙƙautawa. Ni da na kira sa rai masifa, duk asibitin nan ba wanda ya kai ni sa rai.

Bayan azahar likita ya fito ya ce an yi nasara. Na zauna a ƙasa ina kuka (wata nas har ruwa ta kawo mini, ta zaci ni ne ɗansa).

Bayan an sallame shi na je gidansu a unguwar Kurayyat ina jan ƙafa. Hajiya ta miƙo mini shayi.

"Girkawan nan naka, sun taɓa zama a bencin asibiti?"

"Ban sani ba, Hajiya."

"Wallahi ba su taɓa ba. Yalla, sha shayinka."

Baba Isa ya danne ƙirji da filo yana dariya, ni kuwa sai a lokacin na kurɓi shayin.

Yanzu in na je dubiya, "Allah ya ba da lafiya" nake cewa, in ja bakina. Matar nan ta tatsuniyar Girkawa ko ba komai ta tuna ta mayar da murfi.